DARASIN LAFIYA: HAƘORA, TAUNA DA MUƘAMUƘI

A Mai-Wa'azi sura 12 an kwatanta haƙoran tsoho da masu niƙa da suka daina aiki don sun ragu. Lalle baki shi ne dutsen niƙan jiki.

Yadda yake aiki

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuwa na nono 20. Na gaba suna yanka, turame suna niƙa. Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki. Abin da ka ji yana motsi shi ne gaɓar muƙamuƙi. Biyu ne, dama da hagu, kuma tare suke motsi kamar shanun huɗa.

Inda matsala take farawa

Idan turmi ya ruɓe yana zafi, mutum yakan koma tauna da gefe ɗaya, naman wannan gefen ya yi ta aiki har ya gaji. Idan kuma haƙori ya fita aka bar giɓi, na kusa da shi sukan karkata, cizo ya canja. Cije haƙora cikin barci, musamman lokacin damuwa, shi ma yana kawo ciwon muƙamuƙi da ciwon kai da safe. Amma mutane da yawa masu karkatattun haƙora ba sa jin ciwon komai. Ƙara ba tare da zafi ba, ba cuta ba ce.

Tsohon da ba ya iya tauna yakan bar nama da gyaɗa, ya koma kunu kaɗai, ya rame.

Abin yi

1. A goge haƙora safe da dare.
2. Kada a buɗe kwalba ko a fasa ƙashi da haƙori.
3. In muƙamuƙi yana ciwo, a huta da rake, aya da goro, a ci abinci mai laushi, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Yawanci yakan lafa.
4. A kai ruɓaɓɓen haƙori asibiti tun da wuri.

Gaggawa: In baki ya ƙi buɗuwa, musamman bayan rauni ko haihuwa, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, a tafi asibiti ranar. Yana iya zama tetanus ko ƙurji.

Tambaya don Zumuntar Mata: Wane tsoho ne a ikilisiyarmu ba ya iya tauna? Yaya za mu daka masa gyaɗa da kifi cikin miya?

Allah ya ba mu lafiya. Amin.