Yadda Ake Kula da Ƙaramar Mota a Ƙasar Yauri

Yawancin ƙananan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da Koko da Kontagora, irin su Corolla da Civic da Golf, 'yan Kwatano ne: an more su a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Ba su da haƙurin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda ko wane mai aka ɗura mata sai ta tashi. Motar yanzu ƙasa-ƙasa take, injinta a matse yake, kwamfuta ce ke auna mata mai da iska. A ƙasar Yauri kuwa abokan gabarta ƙura da ruwa ne, sai kuma tsohuwar ɗabi'ar gareji.

Aikin yana farawa da safe, kafin a murza makulli. A buɗe bonet, a zaro gejin baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin gejin. Idan ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga inji, kada a tayar da motar. Daga nan a duba ruwan lagireto tun inji yana sanyi, sannan a leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga cikin dare.

Sai juye. Mai bin hanyoyin burji na ƙauyukan Ngaski da Shanga kada motarsa ta wuce kilomita 5,000 ba a sauya baƙin mai da filta ba. A nan ne gardama take. Makanikai da yawa za su ce zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, sai mai kauri, 20W-50. Wannan karatun zamanin kafireto ne. Injin Corolla mai VVT-i yana amfani da baƙin man ne wajen juya lokacin buɗe bawul, ta wasu 'yan hanyoyi masu ƙunci, kuma mai kauri ba ya isa can da wuri idan an tayar da safe. Galibi lambar da motar ke so tana rubuce a murfin da ake zuba man, 5W-30 ko 5W-20. Ita za a bi. A saya a galan rufaffe, mai mota kuma ya tsaya a buɗe a gabansa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, shi kansa makaniken sau da yawa sayar masa aka yi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu filtar iska ce ke shan wahala. A ciro ta duk mako biyu, a karkaɗe a hankali, a ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Ba a wanke ta takarda da ruwa ko fetur, ba a kuma hura mata iskar mai faci da ƙarfi, domin ramin da ido bai gani ba ya isa yashi ya wuce ya cinye zoben fistin.

Lagireto ma yana da nasa hukunci. Ruwan rijiya ko na tafki yana barin tsatsa da ƙasa a cikin bututu, don haka ruwan sanyaya inji na kwalba, ja ko kore gwargwadon motar, shi ya dace. Idan mota ta fara zafi, abin da aka saba shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Allurar zafi za ta sauka, mai mota ya tafi yana godiya. Amma kwamfuta za ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa fetur, ga shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita da ciwo ake sayenta. Ainihin cutar kuma, toshewar lagireto ko murfin da ya saki, tana nan ba a taɓa ta ba.

Tsadar fetur ɗin ce ta sa mutane ke yawo da fitilar ƙarewar mai a kunne. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, saboda haka kada a bari ya sauka ƙasa da kwata. In tafiya ta tilasta saye wurin 'yan bumburutu, a tace da kyalle mai tsabta.

Da damina ta kankama, hanyoyin da ke gangarawa bakin tafkin Kainji, wajen Wara da ƙauyukan masunta, sukan yanke. Kafin a shiga ruwa a sauka a gwada zurfinsa da sanda. In zai wuce rabin taya, a haƙura. In an shiga, a tafi da giya ta ɗaya, ba gudu ba tsayawa, bayan an fita a tattaka birki ya bushe. Idan kuwa motar ta mutu a tsakiya, kada a kuskura a sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, murzawa ɗaya tana iya lanƙwasa ƙarfen fistin. A tura ta waje, a kwance fulogogi, a fitar da ruwan, a yi juye. Bayan kowace tafiyar laka a wanke ƙarƙashi, a duba robar shaf. In ta yage, ba da jimawa ba za a ji ƙas-ƙas wajen shan kwana. Masu ɗauko kifi su shimfiɗa leda mai kauri a but, don ruwan kifi yana ruɓar da ƙarfe ta ciki. Buhunan albasa da shinkafa kuwa shokazoba ce ke biyan kuɗinsu.

Taya tana da ranar haihuwa: lambobi huɗu a gefenta, 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kwalta mai zafi. Yawan iskar da ake so yana manne a jikin ƙofar direba, a nuna wa mai faci, kada ya auna da bugun ƙarfe.

Idan fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama, ba a like ta da baƙin salatif. A nemi mai na'urar kwamfuta ya karanta lambar matsalar kafin a sayi ko da kusa ɗaya, domin kayan da aka aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano da wuya su koma. In tsaye take, ana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙiftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai, a gangara gefen titi a kashe.