RANA, MA'AIKACIYAR BIRNI

In ka hau Dutsen Dala da sassafe ka fuskanci gabas, za ka ga sama ta yi ja, jim kaɗan rana ta ɓullo ta haskaka sorayen Kano. Kullum haka take yi, har mutane sun daina kula da ita. Amma babu ma'aikaci a birnin nan da ya kai ta ƙwazo, ga shi kuwa ba ta karɓar lada wurin kowa.

Mece ce rana? Masana sun ce tauraruwa ce kamar waɗanda muke gani da dare, sai dai ta fi su kusa da mu. Wani irin dunƙule ne na iska mai tsananin zafi, girmanta kuwa ya isa a zuba duniya irin tamu fiye da miliyan ɗaya a cikinta. Nisa ne ya sa muke ganinta kamar faifai, domin tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne. Da a ce akwai hanya, mota ta kama gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa dare da rana, sai ta yi fiye da shekara 170 kafin ta isa. Amma haskenta cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake iso mana.

Mukan ce rana ta fito, rana ta faɗi. A gaskiya duniya ce ke juyawa kamar katantanwa, sau ɗaya cikin awa 24. Gefen da ya fuskanci rana shi ke da haske, ɗaya gefen kuwa dare. Sa'ad da ake kiran azahar a Kano, mutanen Amurka gari bai daɗe da waye musu ba, waɗansunsu ma suna barci. Ban da wannan juyi, duniya tana kewaya rana sau ɗaya cikin kwana 365 da kwata, watau shekara guda.

To, bari mu zaga birni mu ga aikinta. Mu fara da karofin Ƙofar Mata. In marini ya tsamo zane daga cikin baba, sai ya matse ya shanya, rana ta busar da shi kafin a kai wa mabuga. Majemi ma rana yake jira ta busar masa da fata. Magini yakan kwaɓa ƙasa ya yi tubali, ya jera a fili har ya bushe ya yi ƙarfi, da irinsa aka gina tsofaffin sorayen birni. In ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ko wata kasuwa, za ka tarar da busasshiyar kuɓewa da kuka da barkono da kilishi. Danshi ke sa abinci ya ruɓe. Rana ta janye danshin, shi ya sa kuɓewar damina take kai mu har bazara.

Akwai kuma aikin da take yi wanda ido ba ya gani. Zafinta yana ɗaga ruwan teku ya zama tururi, ya hau sama ya zama gajimare. Iskar damina ta koro shi daga kudu maso yamma har ya zubo mana. Ganyen gero da dawa kuma da hasken rana yake haɗa ruwa da iska ya yi abincin da ke cika zangarniya. Ashe tuwon da ka ci jiya da dare, da hannun rana a ciki. Ko itacen da aka dafa shi, ƙarfin rana ne bishiya ta tara shekara da shekaru. A zamanin nan har lantarki ake samu daga gare ta. Farantan sola da kuke gani a kan rufin gidaje suna mayar da haskenta wuta, a kunna fitila, a jawo ruwa daga rijiyar burtsatse.

Tun kafin agogo ya zo, da inuwa kakanninmu ke gane lokaci. In inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa wajen gabas, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. Ku ma ku gwada. Ku kafa sanda a tsaye a filin makaranta, ku riƙa zana inda inuwarsa ta tsaya kowace awa. Za ku ga da safe doguwa ce ta nufi yamma, da tsakar rana ta gajarce, da la'asar ta miƙe gabas. In kun daure shekara guda za ku ga abin mamaki. A watan Disamba inuwar tsakar rana arewa take faɗuwa, ta fi rabin tsawon sandan. A watan Yuni kuwa 'yar gajeruwa ce, tana kudu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kan Kano, sandan ya kusa rasa inuwa sam. Dalili kuwa shi ne duniya a karkace take kewaya rana.

Wani lokaci wata yakan gitta tsakaninmu da rana ya tare haskenta. Wannan shi ne husufi. An yi wani babba ran 29 ga Maris 2006, aka gan shi a Kano da sauran ƙasar Hausa. Ba ya daɗewa, wata ya wuce, haske ya komo.

Sai dai rana tana son a yi hankali da ita. Kada ka kuskura ka ƙura mata ido, ko da lokacin husufi ne, domin tana iya ƙona cikin ido, abin ya zama makanta. Da bazara kuma, in ta take tsaka, ka nemi inuwa, ka sha ruwa da yawa, kada ka bar ƙanenka yana wasa a fili kai ba hula. Hantsi kuwa yana da amfani, yana taimakon ƙasusuwan yara su yi ƙwari.

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya. Gobe da safe za ta fito kan lokacinta ta kama aiki. Yaron kirki ma haka ya kamata ya zama.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa muke ganin rana ƙarama?
2. Me ke kawo dare da rana?
3. Faɗi sana'o'i uku na birnin Kano da ke bukatar rana.
4. A waɗanne watanni ne sanda ke kusan rasa inuwa a Kano?
5. Don me aka hana kallon rana?