Darasi: Shiri Kafin Naƙuda Ta Tashi

Manomin kirki ba ya jira ruwan shuka ya sauka kafin ya nemi iri. Amma a gidajenmu da yawa mace takan ɗauki ciki wata 9, kowa yana gani, ba a shirya kome ba sai daren da naƙuda ta tashi. Sa'an nan ne maigida zai fita da tocila yana buga ƙofar mai babur. Darasin nan domin maza ne da mata duka, gama kuɗi da izinin tafiya asibiti yawanci suna hannun maza.

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 fiye da kashi 1 cikin 4 na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Abin da yakan kashe su sananne ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin bayan haihuwa. Dukansu suna da magani in an isa asibiti da wuri.

Shiri yana farawa da awon ciki. Dā ana cewa sau 4, amma tun 2016 shawarar ita ce mace ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, ta kuma fara cikin wata 3 na farko. A can za a auna hawan jini, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar domin zazzaɓin cizon sauro daga wata na 4, da allurar tetanos sau 2, wata guda a tsakani. Allurar nan tana tsare uwa da jariri tare.

Muna so kowace mace ta haihu a hannun ungozoma mai horo. Akwai waɗanda ko kaɗan bai kamata su gwada haihuwa a gida ba: yarinya mai cikin fari, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda ɗa ya kwanta mata a gicciye, wadda ta taɓa zubar da jini da yawa, da wadda ta haihu sau 5 ko fiye. Mun ji iyaye mata suna cewa, ai na haifi 7 a ɗakina lafiya. Mun gode Allah. Amma mahaifar da ta yi aiki da yawa ba ta saurin tsukewa, ita ce takan zubar da jini.

A nan ne ƙungiyarmu take da aiki. Mun iya haɗa kuɗi mu sayi taki. Me zai hana mu ware buhun masara ko biyu a lokacin kaka, a sayar, kuɗin ya zauna a hannun ma'aji domin mota kaɗai? Wanda ya karɓa ya mayar bayan girbi. A shirya da direba tun yanzu, a rubuta lambar wayarsa a bangon ɗaki. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da shirin ɗaukar mata masu naƙuda, sai a tambaya a tasha. A kuma san maza 2 ko 3 da suka yarda su ba da jini. Ƙauyen da rafi yakan yanke masa hanya da damina, sai mace ta koma wurin dangi kusa da asibiti tun ana sauran mako 2.

Duk da haka wata haihuwar za ta zo a gida. Saboda haka tun wata na 7 a ajiye sabulu, sabuwar reza cikin takardarta, zaren da aka dafa, leda mai tsabta ta shimfiɗa, da zannuwa wankakku. Mai karɓar haihuwa ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Kada a danna ciki, kada a ba da jiƙo domin gaggauta naƙuda, kada kuma a yi yankan gishiri. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta gida ba ce. Kan ɗa yana danne mafitsara har naman ya mutu, daga nan yoyon fitsari yake fitowa. Ana gyara shi a Babbar Ruga a Katsina da asibitin Evangel na dā a Jos, amma gara kada a kai ga haka.

Da jariri ya fito, a share shi da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare har kansa. Wanka ya jira awa 24, gama sanyi yana kashe jarirai ko da bazara. A ɗaure cibiya wuri 2, a yanka a tsakani. Kada a sa mata toka, ko kashin shanu, ko man goge baki. Ta nan ƙwayar tetanos take shiga, jariri ya daina tsotso, jikinsa ya sandare. Akwai man cibiya mai suna kuloheksidin, ana shafa shi sau 1 kowace rana har kwana 7. Na cibiya ne kaɗai, in ya shiga ido yana iya makantarwa.

A sa jariri a nono kafin awa guda ta cika. Wasu suna matse dakashi su zubar, suna cewa datti ne. Mu da muke kiwo mun san ɗan maraƙin da bai sha nonon farko ba, zawo ba ya barinsa. Haka yake ga ɗan mutum. Tsotson kuma yana taimakon mahaifa ta tsuke. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo.

Sai a zuba wa uwa ido. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. In jini yana jiƙa zane bayan zane, ko mabiyiya ba ta fito ba cikin awa guda, a murza mata mara a kuma kama hanya nan da nan. A wasu wurare ana ba mace ƙwayoyin misofurostol 3 wajen awo. Ana shansu bayan ɗa ya fito, an kuma tabbata babu na biyu a ciki. In aka sha kafin haka, mahaifa tana iya fashewa. Ciwon kai mai tsanani, duhun gani, jijjiga, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, dukansu na asibiti ne.

Game da jego, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa kunun kanwa mai yawa da wankan tafasasshen ruwa suna tafiya tare da kumburi da ciwon zuciya. Ruwan ɗumi ya isa, abinci kuma ya zama mai wake, ƙwai da ganye.

Ko an haihu lafiya, a kai uwa da ɗa asibiti a ranar, a yi masa allurar BCG da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan-inna. Kada a jira ranar suna, kada kuma a cire masa beli. In ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko tafin hannunsa ya zama rawaya, ko cibiya ta yi ja da mugunya, a tafi ko da tsakar dare ne.

A taro mai zuwa muna roƙon kowane sakatare ya zauna da shugabar zumuntar mata, su rubuta gidajen da ake sa ran haihuwa kafin kaka, da sunan direban da zai ɗauki kowace mace.