Tari mai kama da haushi: ana ɗaukarsa?

Tambaya: Likita, muna zaune a Karantina, kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda inda maigidana ke aiki. Shekaranjiya da tsakar dare ɗana mai shekara biyu ya farka da tari kamar haushin kare, murya ta dushe, in ya ja numfashi sai wata ƙara ta fito. Da safe ya ware yana wasa. Maƙwabciyata ta hana 'ya'yanta shigowa ɗakinmu, ga ni da jaririya 'yar wata bakwai. Ana ɗaukar wannan ciwo ne?

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Yadda kika kwatanta ya yi kama da abin da likitoci ke kira kuruf, da Larabci khanuk. Kumburi ne a maƙogwaro, daidai inda murya ke fita da ƙasa da nan. Hanyar iskar ƙaramin yaro siririya ce, kumburi kaɗan ya isa ya matse ta. Shi ya sa ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 3, ba kasafai ake ganinsa bayan shekara 6 ba.

Maƙwabciyarki tana da gaskiya, amma rabi. Abin da ake ɗauka ƙwayar cutar ce, galibi wadda ake kira parainfuluwenza, cikin masu kawo mura. Tana bin atishawa da tari, da majinar da ta taɓa hannu, kofi ko kayan wasa, ta bayyana bayan kwana 2 zuwa 6. Haushin kuwa ba kowa ke yinsa ba. Ƙwayar da ta hana ɗanki barci, in ta shiga jikin babban yaro ko babansa, mura ce kawai da ƙaiƙayin wuya. Ba mamaki ma babba ne ya shigo da ita gidan bai sani ba. Jidda tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan take ƙofar Makka ta teku, nan kakanninmu suka riƙa sauka bayan sun tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Garin da baƙi ba sa yankewa, mura ba ta yankewa, don haka a bar neman mai laifi.

Yaro ya fi yaɗa ta a kwana uku na farko, ko muddin akwai zazzaɓi. Ki riƙe shi a gida har ya yi yini da kwana jikinsa bai yi zafi ba, ba tare da magani ba. Jaririyar ce abin lura, don ta shiga shekarun ciwon. Ki ci gaba da ba ta nono, ki raba musu shimfiɗa da kofi, ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika share masa hanci, maigida ma ya wanke in ya dawo aiki kafin ya ɗauke ta.

Warewar safe kada ta ruɗe ki. Ciwon dare ne, yakan fi tsanani a dare na biyu ko na uku, ya lafa cikin mako guda. In ya tashi, ki ɗauke shi a zaune a cinyarki ki rarrashe shi, domin kuka na ƙara toshe maƙogwaron, yaro kuma fuskar uwarsa yake karantawa. Ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, da farasitamol gwargwadon nauyinsa in akwai zazzaɓi. Turaren wuta, duk da na san ba a raba mu da shi, a ajiye shi tukuna, haka hayaƙin taba da shisha. Sirace bai nuna wani amfani ba a binciken likitoci, ƙonewar ruwan zafi kuwa ta tabbata. Maganin tari na kanti da antibayotik ba sa taɓa wannan ƙwaya. Zuma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Kada kowa ya kawo zancen wanzami da cire belu, kumburin yana can ƙasa da inda askarsa ke kaiwa.

Ki kai shi asibiti ko da ya ware. Deksametazon sau ɗaya yakan sauke kumburin cikin 'yan sa'o'i, mai tsanani kuma a shaƙa masa adirenalin. Amma in ƙarar numfashin tana fita alhali yana kwance shiru, ko ƙirji da ƙasan wuya na lotsawa, ko leɓe ya canja launi, ko miyau na dalala ya kasa haɗiya, ko ya yi laƙwas, wannan ba na jiran asuba ba ne. Ki kira motar asibiti a 997. Layin 937 na Ma'aikatar Lafiya na neman shawara ne. Na san wasu 'yan'uwa na ɗari-ɗari da asibiti saboda batun igama, wato takardar zama, amma numfashin yaro ba ya jiran takarda.

Abu biyu na shigar burtu da kamannin kuruf. Na farko wani abu ya maƙale a hanyar iska: in tarin ya zo farat ɗaya babu mura, ki tuna ko yana wasa da gyaɗa ko ƙwallon dabino. Na biyu mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano a 2023, alamarsa kumburin wuya da farar fata a cikin maƙogwaro. Shi yana da rigakafi, ƙyanda ma da kan kawo irin wannan tari haka. Ki ɗauko katin rigakafin yaran biyu ki tafi da shi wurin likita, musamman in kun yi baƙin Umara daga gida kwanan nan.