Yadda Jijiyoyin Zuciya Ke Toshewa da Yadda Ake Buɗe Su

Zuciyar ɗan Adam ba ta fi dunƙulen hannunsa girma ba, amma takan buga kamar sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini wajen lita 5 a cikin minti guda. Abin mamaki shi ne, duk da yake cike take da jini, ba ta iya ciyar da naman jikinta daga wanda ke cikin ɗakunanta. Tana da nata jijiyoyi guda biyu da suka yi rassa a bayanta, waɗanda kaurinsu bai wuce na tsinken tsire ba. Malamin da ya sayo zuciyar rago a wurin mahauta zai iya nuna wa ɗalibansa su ƙarara, kwance cikin farin kitse. Toshewar waɗannan jijiyoyi da na ƙwaƙwalwa ita ce kan gaba a cututtukan zuciya da hanyoyin jini, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019.

Toshewar ba ta faruwa dare ɗaya. Wani sinadari mai kama da kakin zuma, wanda ake kira kolestarol, shi ke kutsawa ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe cikin jijiya. Fararen ƙwayoyin jini sukan bi shi don su haɗiye shi, su ci har su kumbura su mutu a wurin, a hankali abin ya zama tudu. Masanin Rasha Nikolai Anichkov ne ya fara nuna haka a 1913, lokacin da ya ciyar da zomaye kolestarol, ya tarar jijiyoyinsu sun cushe. Likitocin zamaninsa ba su kula ba, suna cewa ai zomo ciyawa yake ci. Akan kwatanta abin da bututun ruwan da ya tara datti, amma wannan kwatance yana da rauni, domin sau da yawa ba babban tudun ke kisa ba. Matsakaici ne ke fashewa farat ɗaya, jini ya daskare a kansa ya zama guda, ya datse hanya. Naman zuciyar da ke bayan wurin zai fara mutuwa cikin ƙasa da awa guda, kuma wanda ya mutu ba ya sake tofowa.

Sanin waɗanda abin ya fi kamawa ya samo asali ne daga Amurka. Shugaba Roosevelt ya rasu a 1945 jininsa ya hau 300 bisa 190, a lokacin da likitoci da yawa ke ɗaukar hawan jini wani abu ne na tsufa da bai kamata a taɓa ba. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 na garin Framingham, ana auna su duk bayan shekara biyu. Daga nan aka tabbatar cewa hawan jini, da yawan kolestarol, da shan taba, da ciwon sukari su ne ke share wa cutar hanya.

Maganin kolestarol kuwa daga fumfuna ya fito. Hanta ce ke yin mafi yawan kolestarol ɗin jiki, saboda haka Akira Endo na ƙasar Japan ya yi tunanin neman abin da zai rage mata wannan aiki. Ya gwada fumfuna iri-iri har kusan 6,000 kafin ya dace a 1973. Magungunan wannan dangi, watau statin, sun shiga kasuwa a 1987. A 1994 wani gwaji da aka yi kan majinyata 4,444 a ƙasashen arewacin Turai ya nuna sun rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari, wanda ya kawo ƙarshen gardamar da aka fara tun kan zomayen Anichkov.

To, idan hanyar ta riga ta toshe fa? A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya ɗauki hoto. Manyansa sun ɗauke shi mai ganganci, amma a 1956 an ba shi kyautar Nobel. A 1977 Andreas Gruentzig ya bi irin wannan hanya a birnin Zurich, ya ɗaura ɗan ƙaramin balan-balan a bakin tiyon, ya hura shi a daidai inda jijiyar ta matse, ta buɗe. Daga 1986 aka fara barin wata 'yar raga ta ƙarfe a wurin don ta tokare bangon. Har ila yau, wani gwaji na 1988 kan mutum fiye da 17,000 ya nuna cewa asfirin, mai arha kamar yadda yake, idan aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini yana rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sharaɗin dai a isa asibiti da wuri. Duk wanda ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse, ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, to ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne.

A ƙasar Hausa hawan jini ya fi toshewar jijiyar zuciya yawa, shi ne kuma ke jawo shanyewar ɓarin jiki da kumburin zuciya. Ba ya ba da alama, sai an auna ake gane shi; awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye yana buƙatar ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da wanda ke cikin dunƙulen magi, sannan kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam ɗin da ke sa gishiri ya hau da jini.