Mugun Mafarki Da Natsuwar Rana

Abu Salama ɗan Abdurrahman, ɗaya daga manyan Tabi'ai na Madina, ya kasance yakan yi mafarkin da har ke kwantar da shi ciwo, sai da ya ji hadisin Abu Ƙatada, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Horon da ke ciki shi ne mutum ya yi tofi sau 3 ta hagunsa, ya nemi tsari daga Shaiɗan, kada kuma ya ba kowa labari. Tun daga nan bai ƙara kula da shi ba.

Hikimar a fili take. Barcin da ya yanke, da fargabar da ake wuni da ita, su ke raunana hadda da natsuwa. Direban da zai keta dajin Falgore zuwa Doguwa bayan irin wannan dare, ai rayukan jama'a ne a hannunsa.

A 2022 Dokta Abidemi Otaiku na Jami'ar Birmingham ya gano cewa manya masu mugun mafarki kowane mako sun fi fuskantar raunin tunani daga baya. Watakila alama ce kawai, ba sanadi ba. Wanda abin ya yawaita gare shi, bayan addu'a, likita zai nufa, ba mai duba ba.