Amsoshin Tambayoyinku: Na Maƙale a Gaban Kejin Zaki, Laifina Ne ko na Wasan?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Landan, kuma ina sallar Juma'a a babban masallacin da ke gefen Regent's Park. Wani abokin karatuna ya lura da yadda nake tsayawa kallon layin masu shiga gidan tarihin Sherlock Holmes a Baker Street, sai ya sa mini wani tsohon wasan kwamfuta mai suna The Case of the Serrated Scalpel. Hotunansa dishi-dishi, ba gudu ba harbi, sai yawo da yi wa mutane tambayoyi. Da fari na raina shi, daga baya ya hana ni barci. Yanzu kuma na maƙale a gaban kejin zaki a gidan namun daji, na rasa inda zan latsa. Abokin nawa ya ce har yau da gangan ake ƙera sababbin wasanni a wannan tsohon fasali. Mene ne daɗin abin? Maƙalewar nan kuma daga ni ne ko daga wasan? Daga wani ɗalibi a Landan.

AMSA: Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma sa barcin da wasan ya cinye bai taɓa na daren jarrabawa ba.

Wasan da aka ba ka ya fito ne a 1992. Kamfanin Mythos Software ne ya ƙera shi, Electronic Arts ya fitar da shi kasuwa. Labarinsa na faruwa a watan Nuwamba na 1888, shekarar da makashin nan da ake kira Jack the Ripper ya addabi unguwar Whitechapel. An kashe wata 'yar wasan daɓe, Sarah Carroway, a bayan gidan wasa, Sufeto Lestrade ya yi saurin ɗora wa Ripper laifin, shi kuwa Holmes ya duba raunin ya ga wuƙar da aka yi aikin da ita mai haƙora ce. Daga nan sunan wasan ya samo asali. Irin waɗannan wasanni ana iya kiran su na nuna-ka-latsa: ka kai kibiyar linzamin kwamfuta kan abu, ka zaɓi duba, ko ɗauka, ko buɗe, ko yi magana, ka latsa. Maniac Mansion na 1987 da The Secret of Monkey Island na 1990 su ne suka fito da salon fili, ya kuma yi tashe har tsakiyar shekarun 1990.

Daɗin farko da ya kama ka, ina jin, na wuri ne. Taswirar Landan da wasan ke shimfiɗa maka tana farawa kusan wayam, sai wurare su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da wani ya ambaci wani shago ko wani gida. Kai kuwa ka fi yawancin masu buga shi sa'a, domin da ƙafarka kake taka unguwar. Gidan namun dajin da ka maƙale a cikinsa yana nan a arewacin Regent's Park tun 1828, an kuma buɗe shi ga kowa da kowa a 1847. Masallacin da kake salla shi ne baƙo a wurin, sai 1977 aka kammala shi. Shi kansa gidan Holmes mai lamba 221B babu shi a zamanin da Arthur Conan Doyle ya fara fitar da labaran Holmes a 1887, don lambobin titin ba su kai nan ba sai da aka sake lissafi a shekarun 1930. Gidan tarihin da kake ganin layi a ƙofarsa an buɗe shi a 1990, kuma a tsakanin lamba 237 da 241 yake zaune.

Daɗi na biyu shi ne wasan ba ya kora ka. Babu agogon da ke ƙirga maka, babu wanda zai harbe ka don ka tsaya tunani. Kana iya barin Holmes tsaye a tsakar ɗaki ka je ka yi alwala ka dawo, ka tarar da shi yana jiranka. Abokinsa Likita Watson kuma yana rubuta duk maganar da aka yi a littafinsa, sai ka koma ka tsefe abin da wani ya faɗa jiya ka gwada da na yau. Wanda ya gaji da wasannin waya masu walƙiya da neman kuɗi kowane minti zai ji kamar ya shiga inuwa.

Game da dishi-dishin hoto, a wancan lokaci dole ce ta sa. Fuskar kwamfuta ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye take ɗauka, launi 256. Masu yi yanzu da gangan suna da dalili biyu. Ɗaya na aljihu ne, domin mutum biyu ko uku na iya gama wasa irin wannan da manhajar kyauta kamar Adventure Game Studio, abin da ba zai yiwu ba ga wasan da ke kwaikwayon fim. Ɗayan kuma shi ne hoton da bai cika ba yana bar wa ƙwaƙwalwa aikin ƙarasawa, kamar yadda mai sauraron wasan kwaikwayon rediyo ke zana wa kowa fuska a ransa. Haka Kathy Rain na 2016 yake, haka Thimbleweed Park na 2017 da Ron Gilbert da Gary Winnick suka yi, su ne kuwa suka ƙera Maniac Mansion shekara 30 kafin nan. Akwai kuma The Excavation of Hob's Barrow na 2022, wanda ke faruwa a wani ƙauyen Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya, kodayake shi ya fi karkata ga ban tsoro da tsafe-tsafe, ba kowa zai so shi ba.

To, batun maƙalewa. Kashi mafi yawa na laifin na wasan ne, kada ka zargi ƙwaƙwalwarka.

Maƙalewa iri biyu ce. Akwai wadda ka san abin da kake nema amma ba ka gano hanyar ba tukuna. Wannan ita ce mai daɗi, ita ce kake kwana da ita ka farka da amsa. Akwai kuma wadda ba ka ma san akwai abin nema ba, domin abin ɗigo uku ne masu launin ƙasa a kan daɓe mai launin ƙasa. Sai ka koma share fuskar kwamfuta da kibiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ko Allah zai sa wani suna ya ɓullo. Allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka ɗauka, kuma babu basirar da ta shiga ciki. Ƙanwar wannan matsala ita ce ta ƙofar da ba ta buɗewa sai ka yi wa wani wata tambaya guda. Ka riga ka gane wanda ya kamata ka nema, amma gidansa ba zai fito a taswira ba sai ka koma wurin wani da ka riga ka sallama ka latsa jimlar da ka tsallake. A wasanka wannan ce ta fi yawa.

Wani lokaci kuma maƙerin ne ke da tunani irin nasa shi kaɗai. A Broken Sword na 1996, wanda kamfanin Revolution Software na birnin York ya yi, akwai wata akuya a ƙasar Ailan da ta tsare mutane makonni, don ita ce wuri na farko da wasan ya buƙaci ka yi saurin latsawa, alhali bai taɓa koya maka haka ba. Da suka sake fitar da wasan a 2009 sai suka sauƙaƙa ta. A Gabriel Knight 3 na 1999 kuwa, sai ka tara gashin kyanwa ka yi gashin-bakin ƙarya da shi don ka yi kama da wani mutum, mutumin kuma ba shi da gashin-baki, sai ka zana masa a fasfo. Har yau ana kafa misali da wannan idan ana maganar abin da ya kashe wa mutane sha'awar salon.

Amma ni a wurina babban gurguncin yana wani wajen, kuma ya fi ciwo a wasan bincike. Kai kake yawon, kai kake tsince-tsince, kai kake jefa kibau a mashaya don wani ya saki baki, kai kake haɗa sinadarai a teburin Baker Street. Idan an zo gaɓar da za a ɗinke hujjoji a ce wane ne ya yi kisan, sai Holmes ya karɓe bakin ya yi bayani kana kallo. Ƙafafunsa aka ba ka, kansa kuwa yana hannun marubucin. Mutum na iya kai ƙarshen wasan ta hanyar latsa duk abin da ya gani ba tare da ya fahimci komai ba, shi kuma wanda ya gano mai laifi tun da wuri ba shi da hanyar faɗa. Sababbin maƙera sun ga wannan. A Lamplight City na 2018 kana iya tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba, labarin ya ci gaba da kuskurenka a wuyanka. Return of the Obra Dinn na 2018 da The Case of the Golden Idol na 2022 suna sa ka cike sunaye da yadda aka yi kisa da kanka, ba su kuma ce ka yi daidai sai ka yi. Idan aikin kan Holmes kake sha'awa, su za ka nema bayan wannan.

Ga wanda ke gida kuma yana son gwadawa, abu biyu zai sani. Turancin yana da yawa, na wasanka ma har da tsohon salon magana, babu kuma fassarar Hausa. Sai dai ba sa cin caji ko data sosai, kuma manhajar ScummVM, wadda kyauta ce, tana tayar da tsofaffin har a wayar Android, in dai kana da ainihin fayilolin wasan. Iyaye kuma su sani akwai gawa da mashaya a ciki kafin su miƙa wa yaro.

Kejin zakin kuwa, ba zan warware maka shi duka ba. Abin da ke ciki ba kai kaɗai za ka kai gare shi ba. Akwai mutumin da zakin ya saba da shi, kuma ba a gidan namun dajin za ka same shi ba. Ka koma ka sake yi wa ma'aikatan wurin magana har tambayoyin su ƙare, ka buɗe littafin Watson ka karanta abin da suka ce, sannan ka duba ko wani sabon wuri ya fito a taswira. In ka yi kwana biyu bai buɗe ba, nemi jagorar wasan a intanet ka karanta layi ɗaya kawai ka rufe.